Jinjina ga Jingar Kwafe

A duk ci gaban da manyan makarantunmu suka samu a 'yan shekarun nan, ban ga wanda aka tauye wa haƙƙi wajen yabo kamar jingar kwafe ba. Ana yabon sabon ɗakin taro, ana yabon ƙofar shiga da aka yi wa fenti, ranar yaye ɗalibai a ƙirga masu digiri mai daraja ta ɗaya a yi ta tafi. Ita kuwa da ke ɗauke da maki 30 ko 40 na aikin aji a kusan kowane kwas, daga sashen akanta zuwa na ƙididdiga, daga na harkar kuɗi zuwa tsangayar injiniya, ko sannu ba a ce mata. Wannan butulci ne, kuma ya kamata a gyara.

A fara da tsarinta, don ko ma'aikatar gwamnati ba ta da tsari irin nata. Malam zai shigo ranar Litinin ya rubuta tambaya biyar a allo, ya ce a kawo masa ranar Juma'a kafin a tafi masallaci. Ajin mutum 300 ne ko fiye. Talata shiru, Laraba shiru. Daren Alhamis sai zauren WhatsApp na aji ya farka. “Wai wa ya yi jingar Malam?” “Don Allah wanda ya gama ya turo.” “Lamba ta uku ba ta fito ba, a sake ɗauka.” Kowane aji yana da yaro ɗaya, ko yarinya ɗaya, da ya kwana biyu da kalkuleta da fitilar waya yana fama da tambayoyin. Da zarar ya ɗauki hoton takardarsa ya tura wa abokinsa bisa amana, magana ta ƙare. Kafin asuba ta zaga ɗakunan kwanan ɗalibai kaf, ta tsallaka har wurin mazauna cikin gari. Da safe ka bi ta bayan aji ka ga ikon Allah: wani ya ɗora fulskaf a cinya, wani a kan sirdin babur, wata ta jingina da bango tana riƙe wa ƙawarta waya, biro sai gudu yake, ba mai ɗaga kai. Shawara ɗaya ake ba juna: “Ka ɗan canza wani abu.” Kuma ana canzawa. Mai takardar asali ya ja layi ɗaya a ƙarƙashin amsa, mai kwafa sai ya ja biyu.

'Yan siyasa sun fi shekara sittin suna wa'azin haɗin kan ƙasa, har yau da sauran aiki. Jingar kwafe a dare ɗaya take gama nata. Bahaushe da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, ɗan attajiri da ɗan mai gadi, duk sun haɗu a kan kuskure ɗaya a layi na huɗu, inda 7 ɗin yaron nan ta yi kama da 1 a hoto. Kowa ya ga 1, kowa ya rubuta 1, layi na biyar ya ci gaba da lissafinsa na 7, ba wanda ya ce uffan. Akan samu ma mai cikakkiyar amana, wanda zai kwafe har lambar rajistar mai takardar don kada ya ci haƙƙinsa.

Ga adalci kuma. Yaron da ya kwana biyu bai yi barci ba ya sami maki 7 cikin 10. Wanda ya kwafa a kan sirdin babur, da yake rubutunsa ya fi kyau kuma ya sa bango mai launi, ya sami 8. Ina aka taɓa ganin daidaito irin wannan? Shi ma yaron ba a bar shi hannu rabbana ba, an koya masa darasi mafi tsada a makarantar, cewa wahala ba ta biya. Zangon karatu na gaba za ka same shi ya waye: ko ya shiga layin masu jiran hoto, ko ya fara sa wa takardarsa farashi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a cikin lamarin duka, domin shi ne mutum ɗaya a ajin da ya zo da niyyar koyo, kuma a hannunmu niyyar take mutuwa.

Tana kuma ciyar da bayin Allah. Shagunan fotokwafi na bakin ƙofa sun san ranar karɓar jinga fiye da wasu masu jingar. Ka miƙa tambaya a ce maka, “Bugu kawai, ko har da amsa?” Kada kuma wani ya raina mu ya ce ƙauyanci ne, a nan kafaɗarmu ɗaya da manyan ƙasashe. A Amurka akwai kamfanin Chegg, wanda ya yi suna da ba da hayar littattafan karatu, daga baya ya tara amsoshin tambayoyin littattafai, ya kuma ɗauki dubban masu amsa tambaya, akasarinsu a Indiya. Ɗalibi ya biya kuɗin wata, ya tura hoton tambaya, amsa ta dawo masa. Kamfanin yana cewa don koyo ya yi abinsa. Masu bincike biyu na Kwalejin Imperial da ke Landan, Thomas Lancaster da Codrin Cotarlan, sun ƙirga tambayoyin da ake turawa a fannoni biyar na kimiyya da injiniya, suka ga daga Afrilu zuwa Agusta na 2020, lokacin kullen korona da ake jarrabawa daga gida, sun ƙaru da kashi 196 cikin ɗari a kan na watannin a 2019. Ka ji son koyo! A Nairobi kuwa matasa masu digiri sun daɗe suna rubuta wa ɗaliban Amurka da Ingila jinga ana biyansu. Ostareliya ta haramta wannan sana'a a 2020, Ingila ta bi sahu a 2022, ka san mai nema ba ya rasa mahassada. Amma Allah ya kawo sauƙi: a ƙarshen Nuwamba na 2022 ChatGPT ya fito, amsa ta zama kyauta. A watan Mayu na 2023 darajar hannun jarin Chegg ta faɗi da kusan rabi a yini ɗaya, bayan shugabansa ya ce sabon baƙon yana hana su samun sababbin masu biya. Yanzu ɗalibinmu ba ya ma bukatar roƙon yaron layin gaba. Data kawai zai saya.

Ba za a yabi jingar kwafe a manta da uban gidanta ba. Allah ya ƙara wa Malam yarda da mutane. Wakilin aji ya tattaro takardu ya ɗaure da roba ya kai ofis, Malam ya nuna masa kusurwa da baki ya ce ya ajiye a can. Can ɗin akwai na bara da na bara waccan, ƙura ta yi musu bargo. In lokacin miƙa sakamako ya matso, a duba jerin sunaye: wanda ya kawo, maki, wanda bai kawo ba, babu. Wannan shi ne kyautata zato. Wani mai mugun nufi zai buɗe takarda goma ya ga 1 ɗin nan ta layi na huɗu ya tayar da hankalin aji. Malam ya fi ƙarfin haka. Ga riƙon alkawari: tambayar da ya ba yayyenku ita zai ba ku, ita zai ba ƙannenku, ko waƙafi ba zai taɓa ba. Daga littafin Amurka ya ɗebo ta, da dalolinta da komai: wani ya ajiye dala 1,000 a banki ana ba shi ruwan kashi 5 cikin ɗari a shekara, nawa za ta zama bayan shekara goma? A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, wannan tambaya rahama ce, tana kare ɗalibi daga tunanin abin da ke faruwa da kuɗin mahaifinsa. Amsarta kuma tana nan a intanet, an warware ta layi-layi, tana jiran mai nema.

Na san nauyin da ke kan Malam, ba kuma da wasa nake faɗa ba. Mutum ɗaya da kwas huɗu, kowane aji ɗaruruwa, albashi ba ya kai wata, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, aka dawo ana cusa karatun zango guda a 'yan makonni. Sashe kuma ya ce dole a kawo makin aikin aji. Duk gaskiya ne. Amma uzuri ba ya mayar da takardar da ba a karanta ba ta zama an karanta, kuma makin da aka rubuta a kanta shaida ce da Malam ya sa wa hannu.

Mu koma ga alherin da take yi wa ɗalibi, don a nan ne ta fi cancantar jinjina. Ɗauki ɗalibin akanta. Ya jera lissafinsa, tirayal balans ya ƙi daidaita, ɓangaren debit ya fi na kiredit da naira 270. In shi ya yi da hannunsa, sai ya ɓata awa guda yana bin leja layi-layi, yana buɗe littafin Frank Wood yana rufewa, kafin ya gano an rubuta 630 inda ya kamata a rubuta 360. Daga ranar ya san cewa in bambanci ya rabu da 9 ba saura, to a fara zargin an juya lambobi. Haka ake samun idon da ke ganin inda kuɗi ya ɓace. Jingar kwafe ta tsare ɗanmu daga wannan ido mai jawo fitina. Gobe in an kai shi sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, ko aka ba shi binciken littattafan wani asusun fansho, ba zai takura wa kowa ba. Takardar albashi ta zo da sunayen da ba a taɓa ganin masu su ba, ya sa hannu. Irin wannan akanta manya ke so, mai son zaman lafiya. Tsohon da ya shekara 35 yana aiki ya je ya ci gaba da zama a benci yana jiran haƙƙinsa, ai haƙuri ma ibada ne.

Ɗalibin harkar kuɗi ma ta yi masa rana. Akwai wata tambaya da ake yi tun shekarar farko, ta ribar da ke hawa kan riba. Wanda ya taɓa danna ta a kalkuleta da kansa ya san in aka ce za a ba ka kashi 30 cikin ɗari duk wata, kana mayar da ribar ciki, to naira 100,000 za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara guda. Wace sana'a ce a duniya ke ninka kuɗi sau 23 a shekara? Da ya ga lambar zai san ƙarya ake yi. Wannan alkawarin MMM ta yi wa 'yan Nijeriya, ta kuma rufe asusun mutane a Disamba na 2016. CBEX ta zo ta ce ninki biyu a kwana 30, ta rushe a Afrilu na 2025. A cikin waɗanda suka zuba kuɗi akwai masu digiri, wasunsu ma su ne suka jawo iyayensu da 'yan'uwansu, aka yarda da su saboda “ai shi ya karanta harkar”. Da sun yi jingar nan da hannunsu, da sun rasa damar shiga wannan babban rabo. Jingar kwafe ba ta hana kowa rabonsa.

Ta ƙididdiga kuwa sai an kai shekarar ƙarshe take ba da 'ya'ya, a babi na huɗu na furojet. Ɗalibin da ya kwafe duk jingar da aka ba shi a kan zaɓen samfuri zai ɗauko dabarar Taro Yamane, wadda in ka sa kuskuren kashi 5 cikin ɗari ba ta taɓa haura 400 komai yawan jama'a. Shi ya sa daga Sakkwato har Maiduguri kowa mutum 399 ko 400 ya tambaya. Takardun tambayar ma ba a wahalar da jama'a da su. A gindin bishiya ake cike su, shi da abokai uku da biro kala-kala, kuma duk 400 suna dawowa, ko ɗaya ba ta ɓata. A kai wa mai SPSS na bakin ƙofa ya fitar da tebur, a manna. Wannan ɗalibi shi ne gobe zai ƙirga yara nawa aka yi wa rigakafi a gundumarsa, da buhun taki nawa ya isa hannun manoma. Lambobinsa za su yi kyau ƙwarai.

A kan injiniya kam bakina yana nauyi, domin a nan ba kuɗi ake asara ba. Rodi mai milimita 16 da mai milimita 12, a ido bambancinsu kaɗan ne. Wanda ya taɓa lissafa faɗin bakinsu da kansa ya san na 16 ya kai kimanin murabba'in milimita 201, na 12 kuwa 113 ne, wato da kaɗan ya wuce rabi. In ɗan kwangila ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Injiniya, mu sa na 12 mana, ai duk ɗaya ne,” wannan zai ƙi, a yi rigima, a kira shi mai taurin kai. Namu na kwafe zai yi murmushi ya ce ba komai, a zuba dekin, kowa ya sami nasa. Ga sauƙin kai, ga iya zama da mutane.

A birnin Kansas City na jihar Missouri ta Amurka, ranar 17 ga Yuli 1981, wasu gadojin tafiya da aka rataye a cikin otal ɗin Hyatt Regency suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A zanen farko, dogon ƙarfe ɗaya ne zai ratso gadar sama ya sauko ya riƙe ta ƙasa. Wajen aiki aka mayar da shi biyu: ɗaya ya riƙe ta sama, ɗaya ya rataye ta ƙasa a jikin ta sama. Wannan ɗan canji ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama. Lissafin da zai nuna haka irin wanda ake ba ɗan shekarar farko ne ya je ya yi a gida. Aka amince da zanen ba a yi shi ba. Mu ma muna da namu makokin: bene mai hawa 21 na Ikoyi a Legas da ya rushe ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, da makarantar da ta rufto kan yara a Jos a Yuli na 2024 ta kashe 22. Ban ce kwafar jinga ce ta rushe waɗannan gine-gine ba. Rushewar gini tana da iyaye da yawa: haɗama, kayan aiki marasa kyau, rashin sa ido. Abin da na ce shi ne, tsakanin haɗamar mai gini da kan yaran da ke zaune a ƙasa, mutum ɗaya ne aka ajiye ya ce a'a, kuma ba zai iya cewa a'a ba sai ya iya lissafin. Wannan mutumin ne muke yayewa da hoton WhatsApp.

Don a san irin ɓarnar da masu yin jinga da hannunsu ke yi, a dubi Thomas Herndon. Ya yi karatun digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. Aka ba su aikin aji: kowa ya zaɓi wani sanannen bincike ya sake lissafinsa. Ya ɗauki na manyan farfesoshin Harvard biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, na 2010, wanda ya nuna cewa in bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, tattalinta yana tsayawa, har ya ɗan ja baya. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Yaro mai tarbiyya zai kwafe teburin farfesoshi ya miƙa ya karɓi makinsa. Shi wannan sai ya nace, lissafi ya ƙi fita, ya sake, ya ƙi, har ya nemi su turo masa takardar Excel ɗin da suka yi aiki da ita. Ya duba ya ga wajen fitar da matsakaici an bar ƙasashe biyar a waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Shi da malamansa biyu, Michael Ash da Robert Pollin, suka buga sakamakon a 2013: in aka gyara wannan da wasu matsalolin, tattalin ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 bunƙasa yake da kimanin kashi 2.2 cikin ɗari. Dubi rashin kunya, ɗalibi ya kunyata manya a idon duniya, duk saboda ya ƙi kwafa. Alhamdu lillahi, tsarinmu ya toshe ƙofar da irin wannan yaro zai fito.

To, yabo ya isa haka. Mu ba baƙin gane wanda ya iya da wanda bai iya ba ne. A makarantar zaure, ɗalibin da ke karatun rabon gado ba ya kawo wa malam takarda ya ajiye a kusurwa. Zama yake a gabansa a ba shi mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu, raba. In ya iya a gani, in bai iya ba a gani, a maimaita masa. Malamin zaure ya san dukiyar marayu ce za ta bi ta hannun yaron nan. Kuɗin fansho da dekin makaranta ma amanar mutane ce.

Malamai, da girmamawa nake roƙonku. Ku rage tambaya biyar ta koma ɗaya. Ku gina ta da naira da farashin kasuwarmu, ku sa lambobi biyu na ƙarshen rajistar kowane ɗalibi su shiga cikin lissafin, don hoton wani ya daina yi wa wani amfani. ChatGPT zai iya warware wannan ma, shi ya sa abu na gaba ya fi muhimmanci: ranar karɓa, ku zaro takarda biyar daga tsakiyar tarin, ku kira masu su gaban allo, kowa ya bayyana yadda ya tashi daga layi na uku ya isa na huɗu. Minti 20 ya isa, kuma daga mako na biyu ajin zai canza. Shugabannin sassa, ku ba malaman nan mataimaka daga ɗaliban digiri na biyu su riƙa duba takardu, a biya su. In sashe ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ya soke makin jinga gaba ɗaya, ya daina rubuta wa iyaye da masu ɗaukar aiki shaidar ƙarya a takardar sakamako.